Na kai tsoffin kuɗin azurfar kakarmu shagon masu tantancewa a Birmingham, ga yadda ta kaya

Jama'a tun watan jiya nake cewa zan rubuto yadda muka yi da shagon nan da na kai tsoffin kuɗin azurfar kakarmu Iya a duba min, sai yau Allah ya nufa. Ba zan kama sunan shagon ba saboda akwai inda zan yi ƙorafi kuma ba na so ya zama kamar na zo ɓata wa mutane sana'a, ƙaramin shago ne dai a Birmingham ta Ingila can wajen unguwar maƙeran zinariya da azurfa da suke kira Jewellery Quarter, suna saye da sayar da tsoffin kuɗi, suna yi wa mutum ƙiyasin darajar abin da ya kawo, in kuma kana so su aika maka wajen manyan kamfanonin nan masu sa wa tsohon kuɗi maki gwargwadon lafiyarsa su rufe shi a gidan roba duk suna yi.

Guda 14 na kai. Sha uku na Iya ne kakarmu ta wajen uwa Allah ya jiƙanta, mahaifinta falke ne tsakanin Kano da Borno, bayan rasuwarta aka same su ƙulle cikin wani tsumma a ƙasan adakarta, Umma ta ba ni da na je gida ta ce tunda kai ne mai son irin waɗannan tarkacen ka riƙe amma kar ka sayar ba da sanina ba. Liyari huɗu, wato manyan nan masu hoton mace, fataka guda biyu, wasu su ce dala, kowace ɗaya sule biyu ce, sulalla biyar, da sisi biyu. Na sha huɗun wani dirhami ne siriri da na saya da kaina a intanet shekara biyu da suka wuce, kullum zuciyata na raya min anya ba jabu aka sayar min ba.

Sai ka buga waya an ba ka lokaci kafin ka je, fam 30 suka karɓa na zaman, ba a lissafa yawan abin da ka kawo matuƙar bai wuce a gama cikin awa ɗaya ba. Mutum biyu ne a shagon, wani dattijo wanda da alama shi ne mai wurin da wani saurayi da ke tsaron kanta, kuma gaskiya duk yabon da zan yi na dattijon ne.

Abu na farko da ya burge ni, bai taɓa ko ɗaya ba sai da ya shimfiɗa wani tire mai laushi ya jera su ya ɗauki hoton kowanne gaba da baya a gabana, ya rubuta min rasit mai lamba ɗaya zuwa sha huɗu. Kuma ko sau ɗaya ban ga ya sa yatsa a fuskar kuɗin ba, ta gefe yake kamawa da babban yatsa da manuniya, ya ce gumin hannu yana da gishiri da maiƙo kuma shatin yatsa in ya zauna a jikin azurfa ya shekara to ya zauna kenan. Kayan aikinsa ba wasu masu yawa ba ne, ɗan sikeli mai auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram, abin auna faɗi, gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo mai ninka abu sau goma, fitila guda ɗaya mai haske ta gefe, da wani ɗan maganaɗisu ƙarami kamar ƙwayar masara amma mai ƙarfin gaske.

Da liyarin muka fara don su ne na ɗora wa rai. Duk huɗun an rubuta 1780 a jikinsu, ni kuma tun ina yaro a lissafina abu ne da ya haura shekara ɗari biyu, har na gama raya cewa a nan dukiyar take. Dattijon bai yi min dariya ba, ya ce kusan kowa da wannan tunanin yake shigowa. Matar da ke jiki Maria Theresa ce sarauniyar Ostiriya wadda ta yi mulki daga 1740 zuwa 1780, da ta mutu sai 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da gabashin Afirka suka ƙi amincewa da wani kuɗin in ba mai hotonta ba, shi ya sa aka ci gaba da bugawa da wannan shekarar ta 1780 ba a canzawa, a Biyana babban birnin Ostiriya da Milan da Benis, daga baya a birnin Rum lokacin da Italiya ta shiga Habasha a 1935, da Landan da Faris da Birasels da Bombay, har nan Birmingham ɗin ma an buga, kuma har yau gidan buga kuɗi na Ostiriya bai daina ba. An buga sama da miliyan ɗari uku. Kenan shekarar da ke jiki ba ta gaya maka komai game da shekarun abin, wanda aka buga zamanin kakannin kakanninmu da wanda aka buga bara duk 1780 za ka gani.

Na ce to ta yaya ake ganewa? Sai ya miƙo min gilashin ya ce in duba da kaina. A kafaɗar matar akwai wani maɓallin ado da ke riƙe mayafinta na takaba, zagaye da 'yan ƙwayoyin lu'ulu'u, a kanta ma akwai wasu, a ƙasan hoton ga haruffa biyu S.F., a baya kuma mikiya ce mai kai biyu da wata alama kamar X bayan shekarar. Ya ce yawan ƙwayoyin nan da siffar X ɗin da yadda gashin jelar mikiyar ya jeru da yanayin rubutun da ke gefe su ne ke bambanta bugun wannan gari da na wancan, akwai masana da suka ƙarar da rayuwarsu kan jera bambance-bambancen nan. Har ya ce a kasuwannin da can 'yan kasuwa da yatsa suke shafa maɓallin nan, in ƙwayoyin sun shafe sai su ce kuɗin ya cinye su rage masa daraja ko su ƙi karɓa. Wallahi da ya faɗi haka sai mahaifin Iya ya faɗo min a rai, ina hango shi a rumfa yana shafa abin nan da yatsa kamar yadda nake yi a lokacin. Baturen nan matafiyi Barth da ya shigo Kano a 1851 ya rubuta cewa wuri 2,500 ake canza liyari ɗaya, ka ga ba ƙaramin kuɗi ba ne a hannun mutum a wancan zamanin.

Nauyin liyari na gaskiya giram 28.07 ne, kuma kashi 833 cikin dubu azurfa ce sauran jan ƙarfe, wato azurfa zalla wajen giram 23.4 a kowanne. Biyu daga cikin nawa sun zo daf da haka, ɗaya 27.9 ɗaya 27.8, ya ce wannan ragin cin hannu ne na shekaru ba komai. Ya jingina ɗaya ya saki maganaɗisun a kai, maimakon ya zame fuu sai ya riƙa gangarowa a hankali kamar ana jansa da zare, ya ce haka azurfa take yi, ba ta kama maganaɗisu amma tana rage masa gudu, sai dai ya gargaɗe ni cewa jan ƙarfe ma yana yin haka don haka ba a tsayawa kan gwaji ɗaya. Hukuncinsa kan biyun nan, na gaske ne, bugun baya ne ba na zamanin sarauniyar ba, irin wanda ya fi yawa a kasuwa, kuma darajarsu kuɗin azurfar da ke jikinsu ne da ɗan ƙari kaɗan. Raina bai so ba amma ya nuna min dalili da idona.

Na ukun jabu ne. Giram 25 da ɗan ɗoriya, maganaɗisun ya wuce kansa da gudu, da ya ɗora shi a kan yatsa ya ƙwanƙwasa a hankali sai ya yi wani ƙwas kamar murfin kwano, alhali na gasken ƙara yake yi siririya ta daɗe tana amo a kunne. A gilashi kuma ga 'yan ramuka ƙanana kamar fuskar waina, ga wani siririn layi da ya zagaye gefen inda ɓarin mazubi biyu suka haɗu, rubutun gefen nan IUSTITIA ET CLEMENTIA duk ya cuɗe ba a karanta shi sosai. Zubi aka yi ba bugu ba. Ya ce ga alama tsohon jabu ne da ya yi yawo a kasuwa tare da na gaske, in ajiye shi kar in yar, amma in rubuta a takardarsa cewa jabu ne don kar wani a gidanmu ya sayar da shi a kan rashin sani ya shiga haƙƙin mutane. Wannan maganar ta ƙara min ganin girmansa.

Na huɗun shi ne inda ni da sana'ar tasu muka rabu. An yi masa kunne, wani maƙerin fari ya like masa ɗan zobe a sama ana zura zare, Umma ta ce ta sha ganinsa a wuyan Iya ranar salla da ranar biki, fuskar da ke kwanciya a ƙirji ta yi sumul har mikiyar ta kusa ɓacewa. A wurin masu tara kuɗi wannan lalatacce ne, duk kuɗin da aka huda ko aka like masa wani abu ko aka cire masa kunne ya bar tabo to ya fita daga sahun masu maki, kuɗin azurfarsa kawai za a ba ka. Na fahimci dalilinsu, suna auna kusancin abu ne da yadda ya fito daga wajen bugu. Amma ni a ganina ma'aunin ya makance a nan, domin daga Borno har Sudan da Habasha da Yaman mata sun yi ado da kuɗin nan, shi ne asusunsu shi ne kwalliyarsu, maƙera sun narkar da wasu sun yi mundaye da zobba da su, kunnen nan shi ne shaidar inda abin ya bi da hannun da ya riƙe shi. Na faɗa wa dattijon haka, ya yi shiru kaɗan sannan ya ce kasuwa ba za ta biya ni wannan ba kuma ba zai yi min ƙarya ya rubuta wani farashi ba, amma kar in kuskura in bari wani ya ce zai cire kunnen ya gyara min, in aka cire an rasa duka biyun, ba kuɗin masu tarawa ba abin wuyan Iya.

Sai muka zo kan sulallan, a nan ne na ji ciwon da har yanzu bai sake ni ba. Waɗannan kuɗin Turawan mulkin mallaka ne na Afirka ta Yamma, hukumar kuɗin da aka kafa a 1912 ta fara fitar da su a 1913, Najeriya da Gana ta lokacin da Saliyo da Gambiya duk su ake kashewa, gaba hoton Sarki George na biyar da kambi a kansa, sule da fataka kuma bayansu bishiyar kwakwar manja ce. Daga 1913 har zuwa cikin 1920 azurfa ce mai kyau kashi 925 cikin dubu, a 1920 da azurfa ta yi tsada bayan yaƙin duniya na ɗaya aka rage ta zuwa rabi, a shekarar kuma aka koma wani ƙarfe mai ruwan ɗorawa wanda babu azurfa a cikinsa sam. Sule giram 5.66, fataka 11.31. Ya nuna min wani ɗan ƙaramin H a jikin wasu daga ciki can ƙasa a fuskar da bishiyar take, ya ce alamar ma'aikatar Heaton ce, kuma ma'aikatar a titin Icknield take a wancan lokacin, tafiyar ƙafa ce daga inda muke zaune. Tsigar jikina sai da ta tashi, abu an buga shi a unguwar nan ya shiga jirgin ruwa ya je Ikko ya hau jirgin ƙasa zuwa Kano ya shige tsumman Iya, bayan shekara ɗari da ɗoriya ga shi ya dawo a aljihuna.

Daren da zan je, ganin sun yi baƙi-baƙi, na ɗauki guda uku na goge su da toka da lemun tsami kamar yadda na ga ana yi wa zobe a gida, na bi da man goge baki da buroshi har suka yi fari tas. Niyyata in kai su da kyan gani. Dattijon yana ɗaga fatakar 1916 ƙarƙashin fitila ya juya ta sau ɗaya ya ajiye ya ce yaushe aka goge wannan? Na ce jiya, ni na goge. Ya ba ni gilashin ya ce in karkata ta a hankali, sai ga wasu siraran ƙarce dubbai sun kwanta layi-layi a filin da ke gaban fuskar sarkin, da ido ba ka ganinsu sai haske ya bi ta gefe. Ya ɗauko wata tasa da ba a taɓa gogewa ba ya juya ta, hasken yana zagaya fuskarta kamar ƙafar keke tana juyawa, ya ce wannan sheƙin daga ƙarfin bugu yake samuwa lokacin da ƙarfen ya malala a cikin hatimi, fata ce siririya ƙwarai, in ta tafi babu mai dawo da ita. Baƙin da na tsana kuwa azurfa ce ta haɗu da iska tsawon shekaru, masu saye suna sonsa don shi ke nuna ba a taɓa abin ba. Kuma fatakar nan ita ce mafi kyau a duk kayan, duwatsun kambin sarkin duk suna nan, gemunsa gashi-gashi, ganyen bishiyar kowanne a rarrabe, da alama ba ta yi yawo ba aka ɗaure ta. Ya ce da ban taɓa ta ba da ita ce za ta biya min kuɗin zaman har da riba mai kyau, yanzu kuwa ƙasa da rabin haka za a taya. Shekara ɗari tana lafiya a tsumma, minti biyar a hannuna. Na daɗe ban ji takaici irin na ranar ba.

Daga nan ne ya zauna ya yi min bayanin makin, kuma wannan kaɗai ya isa fam 30 ɗin. Ma'aunin daga 1 zuwa 70 ne, wani Ba'amurke William Sheldon ya ƙirƙiro shi a 1949 don tsoffin kwabban Amurka daga baya aka shimfiɗa shi kan kowane irin kuɗi. Ɗaya shi ne wanda ya cinye da ƙyar ake gane ko mene ne, 20 zuwa 35 su ne VF, ya yi yawo amma zanen na nan, 40 da 45 XF wato cinsa bai kai na VF ba, 50 zuwa 58 AU wato cin hannu kaɗan ne a wurare masu tudu kawai, 60 zuwa 70 kuma MS wanda bai shiga kasuwa ba sam. Kamfanoni biyu ne suka fi suna, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987, duk na Amurka amma suna da ofisoshi a Turai, su ne ke duba kuɗi su tabbatar na gaske ne su sa masa lamba su rufe a gidan roba mai lambar da za ka iya bincikawa a shafinsu. In kuɗi an goge shi ko an huda ko ya lanƙwashe za su tabbatar na gaske ne su faɗi matakin cinsa amma ba za su ba shi lamba ba, sai su rubuta aibin a jiki. Ya kuma ja kunnena cewa tsoffin dillalan Ingila suna da nasu ma'aunin na kalmomi kuma sun fi tsanani, abin da Bature ɗan Ingila zai kira EF, wato XF a bakinsu, sau da yawa a ma'aunin Amurka AU ne, don haka in na ga talla in fara sanin da wane baki mai tallan yake magana.

Wani abu da ya ba ni mamaki, ba kowane ƙarce ne aibi ba. A da can kafin a buga kuɗin azurfa ana auna farantin, in ya yi nauyi sai a goge shi da magagari a rage, shatin magagarin yakan fito ko bayan an buga, ana ganin haka a tsoffin dalolin Amurka na farko da wasu kuɗin Turai na ƙarni na 18, kuma masu maki ba sa ɗaukarsa lalacewa tunda daga gidan bugu ya fito da shi. Ya kawo misalin dalar Amurka ta 1794 wadda guda 1,758 kacal aka fitar, ɗaya daga ciki aka sayar da ita sama da dala miliyan 10 a gwanjo a 2013. Ya ce ka ga liyarinka an rubuta masa shekarar da ta girmi wannan amma tsufa ba shi ke sa tsada ba, ƙarancin abu ne da lafiyarsa da yawan masu nemansa.

Dirhamin ma ya tabbatar da hakan, sai dai a nan na ga iyakar saninsa. Ba ya karanta Larabci, ya auna ya samu giram 2.8 da ɗoriya ya ce ya dace da nauyin dirhamin Banu Umayya, ya duba gefe ya ce ba a yanke shi ba kuma bugu ne ba zubi ba, amma gari da shekara sai da ya ɗauko littafi yana gwada zane da zane. Ni na karanta masa, a zagayen an rubuta da sunan Allah an buga wannan dirhami a Wasiɗ shekara ta casa'in da biyar, da kalmomi ba da lambobi ba, tsakiya kalmar tauhidi ce bayansa kuma ayoyin Ƙulhuwallahu, babu hoto babu sunan halifa, irin tsarin da Abdulmalik ɗan Marwan ya kawo wajen shekara ta 79 bayan hijira. Shekara ta 95 zamanin ɗansa Walid ne, kenan abin ya haura shekara 1,300. Duk da haka kuɗinsa bai taka kara ya karya ba saboda Wasiɗ, garin da Hajjaju ɗan Yusuf ya gina a Iraƙi, ta buga su da yawan gaske kuma da yawa sun tsira. Ya faɗa min gaskiya cewa wannan ba fanninsa ba ne, in ina da irinsu da yawa in nemi dillalin da ya ƙware kan kuɗin Musulunci. Na yaba da faɗin gaskiyar, amma wanda ba ya karanta rubutun Kufi, wato tsohon salon rubutun Larabcin da ke jikin dirhamin, da kansa ya sani cewa a shagon nan ba zai samu cikakken bayani kan dirhami ba.

Yanzu ƙorafin. Dattijon ya ce cikin 14 ɗin guda ɗaya ce kawai ta cancanci a kashe mata kuɗin gidan roba, wani sule na 1917 mai H da Allah ya sa ban goge ba, sauran kuɗin aikawa da inshora da ladan shago zai cinye darajarsu. Ni na nace a haɗa da fatakar da na goge don zuciyata ba ta haƙura ba, ya ce asarar kuɗi zan yi amma kayana ne. Suka ce sati shida. Sai da aka kusa wata uku. Abin da ba su gaya min ba tun farko shi ne ba sa aikawa sai sun tara na mutane da yawa, kayana sun yi sama da wata guda a cikin sef ɗinsu ba su motsa ba, na buga waya ya fi sau biyar saurayin nan kullum amsarsa ɗaya za mu kira ka, imel biyu ba amsa. Kayan gado ne, ba ka san inda suke ba, Umma tana tambaya ta ina sulallan Iya, wallahi ba daɗi. Da sun faɗa min gaskiyar tsarin tun ranar da ba zan damu ba.

Na biyu shi ma saurayin ne. Ranar farko dattijon na shiga ciki ya matso ya ce in ina so zai saye duka a take a kan nauyin azurfa, har da sulen da maigidansa ya gama cewa ya fi nauyinsa daraja minti goma da suka wuce. Wanda ya zo da buƙatar kuɗi a matse zai iya miƙawa. Bai dace wurin da ka biya don a faɗa maka darajar kayanka a kuma taya su a farashin narkarwa ba.

Takardar ƙiyasin da suka ba ni ma tana buƙatar gyara. Farashi uku ne a gaban kowane kuɗi, wanda shago zai saya, wanda ake sa ran samu a gwanjo, da na inshora wato abin da za ka kashe in ka nemi irinsa a kanti. Na inshorar ya kusa ninka na shagon, kuma shi aka rubuta da manyan lambobi ba tare da wani bayani ba, wanda bai sani ba zai ɗauka abin da zai samu kenan in ya sayar. Sai da na tambaya dattijon ya warware min, ya ƙara da cewa a gwanjo ma akwai ladan da za a cire, kuma in ina duba farashi a eBay in duba waɗanda aka riga aka sayar ba abin da mai kaya ya rubuta yana fata ba.

Da suka dawo, sulen ya samu AU 55, daidai da abin da dattijon ya ce zai samu tsakanin 53 da 58. Fatakar ta dawo da AU babu lamba, an rubuta an goge, kamar yadda ya faɗa. Idonsa dai ba shi da matsala ko kaɗan. Sauran ya sa min kowanne a 'yar ambulan ɗin takarda marar sinadari, ya ce in guji ledar nan mai laushi mai warin sabon takalmin roba don tana fitar da wani kore-kore mai danƙo da ke cin ƙarfe, kuma kar in haɗa su wuri ɗaya suna gogar juna, bai karɓi ko sisi a kan wannan ba.

In za a tambaye ni, zaman dubawar zan sake biya ba tare da tunani ba, amma sai na tabbatar dattijon ne zai zauna da ni, aikawa kuwa in zan sake sai sun rubuta min ranar da kayan za su bar shagon. Liyari mai kunnen na sa masa sabon zare zan mayar wa Umma in na je gida da salla. Da na kira ta na gaya mata yadda aka yi ta ce ai akwai wani ƙullin a wajen Gwaggo, har da taro-taro a ciki, kuma yaran gidan suna ta cewa za su wanke su su yi haske kafin in zo. Na ce Umma don Allah ki kira ta yanzu yanzu ki ce a bar su a tsummansu.